Jiragen ruwa marasa matuƙa: Kada bincike ya manta da mutanen da ke kan teku

A watan Afrilun 2022, wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mayflower ya tashi daga birnin Plymouth na Ingila da nufin ƙetare Tekun Atlantika zuwa Amurka, babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce kyaftin ɗinsa, kyamarori da na'urar rada kuma su ne idanunsa. Wata ƙungiyar binciken teku mai suna ProMare ce ta jagoranci aikin tare da kamfanin IBM, masana daga Jami'ar Plymouth su ma suka ba da tasu gudummawar.

Kwamfutar ta yi aikinta. Inji da kayan lantarki ne suka ba jirgin kunya. Sai da aka karkatar da shi zuwa tsibiran Azores aka yi masa gyara, ya sake kama hanya, wata matsalar ta kunno kai, daga ƙarshe ya yada zango a Halifax da ke Kanada a watan Yuni. Shekara guda kafin nan ma ya gwada tafiyar, ya juyo bayan 'yan kwanaki saboda matsalar janareta. Da akwai makaniki ɗaya a ciki da sifana a hannu, da wataƙila labarin ya sha bamban.

Wannan tafiya ta Mayflower hannunka mai sanda ce ga jami'o'i da gwamnatocin da ke zuba kuɗi a binciken jiragen ruwa masu tuƙa kansu. Binciken yana da amfani, kuma babu mai iya tsayar da shi. Amma ma'aunin da ya kamata a auna shi da shi shi ne abin da zai haifar ga mutane kusan miliyan biyu da ke rayuwa a kan teku suna dakon kayan da duniya ke ci take sha.

Me ya haɗa Kano da teku?

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan magana ce ta mutanen gaɓar teku. Sai dai alƙaluman hukumar kasuwanci da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNCTAD, sun nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke cinikayyarsu ta ruwa ake dakonsu.

Alkamar da ake yin burodi da taliya, magungunan kantin unguwa, babur da keken A Daidaita Sahu, har da wayar da ake karanta wannan rubutu a kanta, galibinsu sun kwana a cikin jirgin ruwa. Riɗi da citta da zoɓon da manoman Arewa ke nomawa ma ta can suke fita zuwa kasuwannin waje. Nijar, wadda ba ta da gaɓar teku, ta daɗe tana dogaro da tashoshin Kwatano da Lome. Tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtua kuwa an gina su ne don su zama ƙofar teku ga 'yan kasuwar Arewa.

Da jirgin Ever Given mai tsawon mita 400 ya toshe mashigin Suez na kwana shida a watan Maris na 2021, ɗaruruwan jirage ne suka yi cirko-cirko. Duk wani abu da ya taɓa kuɗin dakon kaya a teku, ko ba jima ko ba daɗe sai ya iso Kantin Kwari da Kasuwar Singa.

Inda binciken ya kai

Ƙasar Norway ce a sahun gaba. Tun 2016 ta ware wani yanki na ruwan Trondheim don gwajin irin waɗannan jirage. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta ƙasar, wato NTNU, ta ƙera wani ƙaramin jirgin fito mai aiki da batir mai suna milliAmpere2, wanda a 2022 ya yi makonni yana tsallakar da fasinjoji a wata mashigar ruwa da ke tsakiyar birnin, kwamfuta na tuƙi, mutum yana tsaye a ciki don ko-ta-kwana.

A ƙasar ce kuma ake da Yara Birkeland, jirgin kwantena mai tsawon mita 80 da ke aiki da batir zalla. Kamfanin takin zamani na Yara ne ya mallake shi, kuma an ƙera shi ne don ya maye gurbin sawun tirela 40,000 a shekara tsakanin masana'antar kamfanin da tashar Brevik. Ya fara aiki a 2022 da ma'aikata a cikinsa, bisa tsarin rage su sannu a hankali.

A Japan, gidauniyar Nippon ta ɗauki nauyin shirin MEGURI2040. A 2022 wani jirgin kwantena mai suna Suzaku ya yi tafiyar kusan kilomita 790, zuwa da dawowa, tsakanin ruwan Tokyo da na Ise, ana sa masa ido daga wata cibiya a tudu. Dalilin Japan a fili yake: matuƙan jiragen cikin gida sun tsufa, matasa kuma ba sa sha'awar aikin.

Duk waɗannan tafiye-tafiye ne a kusa da gaɓa, a ƙasashen da ke da intanet mai ƙarfi da jami'an ceto a kusa. Tsakaninsu da babban jirgin dakon mai da zai taso daga Fatakwal ya nufi Indiya babu kowa a ciki akwai tazara mai yawa. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta kasa cin gashin kan jirgi kashi huɗu: mai na'urori masu taimaka wa matuƙa, wanda ake sarrafawa daga nesa da mutane a ciki, wanda ake sarrafawa daga nesa babu kowa, sai wanda ke yanke hukunci da kansa. Jadawalin hukumar ya nuna dokar tilas a kan irin waɗannan jirage ba za ta fara aiki ba sai 2032. Ke nan yanzu ake rubuta ƙa'idojin, yanzu ne kuma ya kamata masu magana su yi magana.

Wa zai kashe gobara?

Hujjar da masu goyon bayan wannan fasaha suka fi kawowa ita ce yawancin haɗuran teku kuskuren ɗan'adam ne ke jawo su. Akwai gaskiya a ciki. Kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta gajiya, kuma hazo ba ya rufe wa rada ido.

Amma rahotannin haɗari suna ƙirga ranar da mutum ya yi kuskure ne kawai. Babu mai rubuta dubban ranakun da wani ma'aikaci ya ji ƙaurin waya ya kashe inji kafin wuta ta tashi, ko ya ji ƙarar da ba ta saba ba ya ɗaure kusar da ta kwance.

A 2017 wasu masana daga jami'o'in Poland da Finland sun ɗauki rahotannin haɗura 100 suka yi nazarin abin da zai faru da a ce jiragen ba su da mutane. Sun gano cewa karo da makalewa a tudu za su iya raguwa, amma idan gobara ta tashi ko ruwa ya fara shiga, ɓarnar za ta fi muni saboda babu mai kai ɗauki.

Abin da ya faru a Baltimore ta Amurka a watan Maris na 2024 misali ne. Jirgin Dali ya rasa lantarki ya bugi gada, ma'aikata shida da ke gyaran titi a kanta suka mutu. Kiran gaggawar da aka yi daga cikin jirgin ne ya ba 'yan sanda damar tare motoci kafin gadar ta rufta.

Sai kuma barazanar masu kutse. A 2017 wata muguwar manhaja ta durƙusar da kwamfutocin kamfanin Maersk, asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. A lokacin jiragen sun ci gaba da tafiya domin akwai mutane riƙe da su.

Akwai wata tambayar da ta shafi wannan yanki kai-tsaye. Dokar teku ta wajabta wa kowane kyaftin ceto duk wanda ya gani cikin haɗari a ruwa. Matasan Afirka da ke bi ta Agadez zuwa Libiya su hau kwalekwalen roba a Bahar Rum, da yawansu jiragen kasuwanci ne suka tsamo su. A watan Agustan 2020 jirgin dakon mai Maersk Etienne ya ceto mutum 27, ma'aikatansa suka ciyar da su fiye da mako biyar saboda babu ƙasar da ta yarda ta karɓe su. Jirgin da babu kowa a cikinsa, wa zai jefa igiya, wa zai ba da bargo da ruwan sha? Kafin a ba irin wannan jirgi izinin shiga babban teku, dole a samu amsar da za ta gamsar.

Halin da ma'aikatan ke ciki a yau

Rahoton da manyan ƙungiyoyin masu jiragen ruwa, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ya ce akwai ma'aikatan jiragen kasuwanci miliyan 1.89 a duniya. Ƙasashen da suka fi samar da su su ne Filifins da Rasha da Indonesiya da Sin da Indiya. Mata ba su kai kashi biyu cikin 100 ba.

A takarda suna da kariya. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013 kuma Najeriya ta amince da ita a shekarar, ta tanadi hutun aƙalla awa 10 a kowace awa 24 da awa 77 a mako, kuma bisa tanadinta bai kamata mutum ya wuce wata 11 a jirgi ba tare da hutu ba.

A aikace labarin daban ne, kuma jami'o'i ne suka tona shi. Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya da ke Malmo a Sweden, wadda IMO ta kafa a 1983, ta fitar da bincike a 2020 da ya nuna cewa gyara takardun awannin hutu don su dace da doka ya zama ruwan dare a jirage, kuma tushen matsalar shi ne ƙarancin ma'aikata. A 2019 masana daga Jami'ar Yale sun tambayi ma'aikata fiye da 1,500, suka samu ɗaya cikin huɗu da alamun ciwon damuwa, ɗaya cikin biyar kuma ya taɓa tunanin halaka kansa.

Lokacin korona, a watan Satumban 2020, an ƙiyasta ma'aikata 400,000 sun maƙale a jirage bayan wa'adinsu ya ƙare, domin ƙasashe suna karɓar kayan suna hana masu dakon sauka. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, ta ce a 2024 kaɗai masu jirage sun yi watsi da ma'aikata 3,133 a jirage 312, babu albashi, babu kuɗin komawa gida. Wani jami'i ɗan Siriya ya shafe kusan shekara huɗu a jirgin MV Aman kusa da Suez kafin a sallame shi a 2021. Ma'aikata 25 na jirgin Galaxy Leader da mayaƙan Houthi suka kama a Bahar Maliya a watan Nuwamban 2023 kuwa sai Janairun 2025 suka ga gida.

A nan ne haɗarin yake. Matakin farko na sabuwar fasahar, wanda za a daɗe a kansa, shi ne rage yawan ma'aikata. Idan na'ura ta ɗauke aikin mutum uku aka sallami biyar, waɗanda suka rage za su ƙara gajiya da kaɗaici. Fasahar da za ta iya ba su barci sai ta zama hujjar ƙara musu nauyi.

Hayaƙi da sabon makamashi

Binciken IMO na 2020 ya nuna jiragen ruwa na fitar da kusan kashi uku cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, fiye da tan biliyan ɗaya a 2018. A 2023 ƙasashe sun amince da burin kawo ƙarshen wannan gurɓatawa zuwa wajen 2050. Sai dai a watan Oktoban 2025 an ɗage amincewa da tsarin biyan kuɗin hayaƙin da shekara guda, bayan adawar Amurka da Saudiyya.

Ana yawan cakuɗa maganar tuƙa kai da ta tsaftar muhalli, alhali kowace da hanyarta. Batir ne ya sa Yara Birkeland ba ya hayaƙi. Jirgin da kwamfuta ke tuƙawa yana ƙona baƙin mai zai gurɓata iska kamar kowane. Inda kwamfuta ke taimakawa shi ne zaɓen hanya da daidaita gudu, domin rage gudu da kashi 10 na iya rage man tafiya da kusan kashi 20. Amma rage gudu yana tsawaita kwanakin da ma'aikaci zai yi nesa da iyalinsa, wannan lissafi ma dole a saka shi a ciki.

Sabbin nau'o'in makamashi na da nasu haɗarin. Amoniya guba ce da ke iya kisa idan ta tsiyaya a ɗakin inji. Harshen wutar metanol da ƙyar ake ganinsa da rana. Wani nazari da aka gabatar a taron sauyin yanayi na Masar a 2022 ya ƙiyasta cewa ma'aikata har 800,000 na iya buƙatar ƙarin horo zuwa tsakiyar shekarun 2030. Idan aka bar kuɗin horon a wuyan ma'aikacin da ya fito daga ƙasa matalauciya, shi za a fara bari a baya.

Ina Afirka ta tsaya?

Idan tuƙi ya koma ɗakin sarrafawa a tudu, aikin zai bi shi. Irin wannan cibiya tuni tana aiki a Horten da ke Norway. Aikin da ɗan Filifins ko ɗan Ghana ke yi a cikin jirgi yana aika kuɗi gida zai iya komawa ofis a Turai ko gabashin Asiya. Afirka ta san irin wannan rabo. Laberiya ce ke da rajistar jirage mafi girma a duniya ta fuskar nauyi, amma daga jihar Virginia ta Amurka ake gudanar da ita.

Najeriya na da makarantar horar da matuƙa a Oron da Jami'ar Harkokin Teku a Okerenkoko, Ghana kuma na da jami'ar yanki a Accra. Hukumar NIMASA ta soma shirin tura matasa karatun teku tun 2008. Kukan da aka daɗe ana ji shi ne na rashin gurbin horo a cikin jirgi. Ƙa'idar duniya ta buƙaci ɗalibi ya yi aƙalla wata 12 a teku kafin ya samu shaidar zama jami'i, ga shi tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995 ba a samu wanda ya maye gurbinsa ya ɗore ba. Matashi zai gama karatu ya zauna shekaru da takarda a hannu yana jiran jirgi.

Tsaro ma na cikin lissafin. Daga cikin ma'aikata 135 da 'yan fashin teku suka sace a duniya a 2020, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin tsaron ruwa da aka ƙaddamar a 2021 sun taimaka wajen rage matsalar ƙwarai, kuma fasahar sa ido daga nesa na cikin abin da aka yi amfani da shi.

Ga Arewa kuwa, ruwan da ke cin rayuka yana kusa da gida. A watan Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka mutu a Kogin Neja a yankin Patigi. Dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsofaffin jiragen katako, kututturan da ke ƙarƙashin ruwa da rashin rigar kariya.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, duk wata cibiyar bincike da ke karɓar kuɗin gwamnati don jirage masu tuƙa kansu ta saka ma'aikata da ƙungiyoyinsu a teburin tun daga tsara aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane gwaji ya bayar da rahoton abin da ya faru da awannin barci da yawan aikin waɗanda ke cikin jirgin, kamar yadda yake bayar da na man da aka rage.

Na biyu, IMO ta hana rage ma'aikata a kowane jirgi sai an tabbatar da hujja mai zaman kanta cewa waɗanda suka rage za su samu hutun da doka ta tanada. Ƙa'idar ta fayyace wanda ke da alhaki idan jirgin da ake sarrafawa daga nesa ya yi ɓarna, da yadda zai ceci wanda ke nutsewa.

Na uku, ƙasashen Afirka su riƙa tura ƙwararru zuwa zaman kwamitocin hukumar a Landan da matsaya guda. Wanda bai halarci rubuta doka ba, abin da wasu suka rubuta zai bi.

Na huɗu, Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023 ta warware matsalar gurbin horo ta hanyar yarjejeniya da kamfanonin da ke cin riba a tashoshin ƙasar, ta kuma sabunta manhajar Oron da Okerenkoko da darussan sabon makamashi, sarrafa jirgi daga nesa da kariya daga kutse. A sanar da matasan Arewa cewa wannan sana'a tana nan kuma su ma suna da haƙƙi a cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, jami'o'in da ke kusa da Kogin Neja da Binuwai da tafkin Kainji su ɗauki darasi daga Trondheim, inda masana suka fara da matsalar tsallake ruwan garinsu. Sassan injiniya a Minna da Zariya da Kano da Makurɗi na iya ƙera na'ura mai arha da za ta yi ƙara idan lodi ya wuce ƙima, su zana taswirar wuraren haɗari a koguna, su tsara jirgin fito mai ƙwari da masu sana'ar za su iya saya. Asusun TETFund da hukumar NIWA su ware kuɗi don haka.

Shekaru da dama masu zuwa, mutane ne za su ci gaba da tuƙa mafi yawan jiragen duniya, su gyara injinansu, su kwana a kansu. Kafin 2032 akwai sauran lokacin da za a rubuta dokar da ta san da zamansu. Jami'o'in da suka tona asirin takardun hutun ƙarya sun nuna cewa bincike na iya tsayawa a gefen ma'aikaci, kuma haka ake sa ran gani daga masu ƙera sabbin jiragen.